Masaƙin Madinat Khalifa

Duk wanda ya san Injiniya Ja'afaru a Doha da aikin ruwa ya san shi. Ya haura shekara ashirin a wata matata da ke mayar da ruwan teku ruwan sha, kuma in ka zauna da shi sai ya ba ka labarin gishiri har kunnenka ya gaji. Gajeren mutum ne mai ɗan tumbi, mai saurin dariya, ba shi da dogon buri. Likita ya ɗora masa tafiyar yamma a Corniche, titin bakin teku, yana kuwa zuwa, sai dai rabin tafiyar a kan benci yake yin ta, yana kallon jiragen katako suna lilo a bakin ruwa. Gidansa na hawa na uku a unguwar Madinat Khalifa. Matarsa Hajiya Safiyyatu tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, 'yarsu kuma guda ɗaya ce, Jidda, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa in yana lallashinta yake ce mata Uwata.

Abin da abokan aikinsa ba su sani ba shi ne Ja'afaru ɗan masaƙa ne daga ƙasar Minjibir. Ba ɓoyewa ya yi ba, tambayarsa ce ba a taɓa yi ba. Tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa sosai yake zama a masaƙar mahaifinsa, sai da ya shiga sakandare ya tashi daga kanta. Tsohon ya rasu, 'yan'uwa suka watse zuwa kasuwanci da aikin gwamnati, itacen masaƙar kuma ya ƙare a murhu. Ja'afaru bai ɗauki wannan abin baƙin ciki ba. Duniya ce ta juya, shi ma ya juya da ita, kuma ya ci riba.

Korona ce ta tono maganar. Jidda tana shekararta ta farko a wata jami'a a Scotland aka rufe komai, ta samu jirgi da ƙyar ta dawo gida. Suka zauna su uku a ɗaki biyu da falo, kowa da kwamfutarsa, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Wata rana suna cin abincin rana Jidda ta ɗauko labarin wani taro da aka yi a makarantarsu, inda kowa ya sa kayan ƙasarsu. Ta ce mazan can suna da wani siket mai gida-gida da suke kira kilt, kowane dangi da irin zanensa, har an ce masu tona ƙasa in sun samu tsohon ƙyalle a cikin laka, sai a zauna a ƙirga zarensa a sake saƙa irinsa mutane su saya su sa.

"Ke me kika sa?" in ji uwar.

"Atamfar da kika ba ni. Suna ta yabawa, sai wata ta ɗaga bakin zanen ta karanta. Umma, sunan Holland ne a jiki." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "Shaddar Abba ma ba tamu ba ce, leshi ba namu ba. Ashe mu ba mu da zane, sai na aro."

Lomar da ke hannun Ja'afaru ta tsaya. Maganar ta yi masa zafi, kuma abin da ya fi ƙona shi, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Yarinya an haife ta a Doha, ta tashi a Doha, zuwanta gida na hutu ne, kuma ko sau ɗaya bai taɓa zaunar da ita ya gaya mata aikin kakanta ba.

"Muna da shi," ya ce. "Kakanki da hannunsa yake yin sa."

"Ina yake?"

Ko ƙyallen goge tabarau bai ajiye ba daga saƙar tsohon.

Bayan kwana biyu ta kawo masa wayarta. Ta yi ta bincike har ta faɗa kan hoton wani guntun ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, wanda masu binciken tarihi suka ciro daga wani kogon dutse a ƙasar Mali, an ce ya yi ɗaruruwan shekaru a can. Ƙasa ta ci shi, gefensa duk ya zagwanye, amma ana ganin gida-gidan baƙi da fari. Ja'afaru ya ture tabarau sama ya kai wayar daf da hanci. Saƙi ne, ko ɗan'uwan saƙi, wato zanen nan na zaren da aka rina da baba, mai ƙananan gidaje kamar jikin zabo. Faɗinsa ma faɗin ƙwarya ne, siririn tsirin da masaƙar maza ke fitarwa, wanda ake jerawa a ɗinke ya zama zane.

"Abba, za a iya yin irinsa?"

"Za a iya, Uwata."

"Wa zai yi?"

Hajiya Safiyyatu da ta san mijinta ta dube shi ta ce, "Abban Jidda, ka rufa mana asiri. A falon nan?"

A falon nan kuwa aka yi. Akwai wani Fatawu, kafinta mutumin Zangon Kumasi, da suke haɗuwa a masallaci. Da aka ɗan sassauta kulle Ja'afaru ya zana masa masaƙar a bayan kwali. Fatawu ya juya kwalin sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan abin na gan shi a Tamale, ka bar mini, khalas, an gama." Da katakon akwatunan kaya ya haɗa ta, ta fito da ɗan karkata kamar mai ciwon ƙugu, amma ta tsaya. Zare kuwa sai da aka jira jirage suka dawo tashi. Ƙanwarsa Ruƙayya ce ta bi ƙauyuka ta samo tsofaffin da har yanzu suke kaɗi, ta kai rabin zaren marinar Kura aka tsoma a baba har ya yi baƙi wuluk, sannan ta danƙa wa wani likita mai dawowa aiki. Ranar da aka buɗe ƙunshin, warin rini ya cika gidan. Hajiya ta buɗe taga, Ja'afaru kuwa ya tusa fuskarsa a cikin zaren ya daɗe bai ɗago ba.

Matsala ta farko ita ce wuri. Masaƙar maza a fili ake kafa ta, zaren tsaye ya miƙe can nesa, a ɗaure ƙarshensa a jikin dutse mai nauyi da ake kira kunkuru, yana matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci. Ja'afaru ya kafa tasa a gefen talabijin, zaren ya ratsa falo, ya bi lungun ɗakuna, ya ƙare a ƙofar kicin, inda buhun shinkafa a kan faranti ya zama kunkuru. Duk mai son shiga banɗaki sai ya tsallaka. Hajiya ta yi wata biyu tana tsallakawa da mita, daga baya ƙafarta ta saba, har baƙi in sun zo ita ke ce musu, "A kula da zaren Injiniya." Ta kuma taɓa tambayarsa ko ya san kogon nan makabartar mutanen da ce, kada ya je ya ɗaura wa 'yarta kayan matattu. Ya ce ai ba ƙyallen zai ɗauko ba, hannun mai saƙar yake bi, kuma mai saƙar da ransa ya yi aikin. Ta ce to, Allah ya sa haka ne.

Hannunsa bai manta ba, bayansa ne ya manta. Makon farko da rarrafe yake tashi daga masaƙar. Sanyin na'ura yana busar da zare ya yi ta tsinkewa, in an kashe ta kuma gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ƙwaryar farko ta fito wani wuri a tsuke wani wuri a sake, ya warware ta yana tsaki. Amma a hankali ƙafa da hannu suka shirya, ƙoshiyar da ke ɗauke da zare ta fara wucewa dama da hagu ba tare da ya dube ta ba, kuma ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas ta zama ɗaya daga cikin sautukan gidan. Jidda tana ɗakinta tana sauraron lacca, malamanta na can Turai har sun san sautin.

Shi zanen kansa ya fi ba shi wuya. Ya sa Jidda ta haska hoton a talabijin, ya ɗauki tsinken sakace yana bin zare ɗaya-ɗaya: baƙi huɗu, fari biyu, baƙi huɗu, fari biyu, sai wani faffaɗan baƙi ya ratsa. Daga nan kuma ƙyallen ya ƙare, ƙasa ta cinye sauran. Ba wanda ya san abin da mutumin kogo ya sa bayan wannan ratsin. Ja'afaru ya yi kwanaki yana gwada wannan yana gwada wancan, duk ba su zauna masa ba. Ran nan yana saƙa yana sauraron labarai a rediyo, hankalinsa na wani wuri, sai ya duba ya ga hannunsa ya jefa siririn fari guda ɗaya a tsakiyar baƙin, ya rufe da wani baƙin. Haka mahaifinsa yake raba gidajen saƙinsa, har dillalai a kasuwa suna gane aikinsa da wannan layin. Ya kira Jidda ya nuna mata.

"Daga nan zuwa nan na mutumin kogo ne. Daga nan kuma na kakanki. Ban san ko haka na asalin yake ba, kuma kada ki ce wa kowa haka yake."

"To ina naka?" ta ce.

"Nawa ciwon bayan."

Korona ta lafa, Jidda ta koma makaranta, aiki ya dawo da ƙarfinsa, saƙa ta koma ta Juma'a da Asabar. Garin kuma ya shiga haramar gasar kofin duniya, ko'ina gini, ko'ina tuta. Ja'afaru bai yi gaggawa ba. Yana jin daɗin zaman, yana jin daɗin yadda zaren yake gajarta buhun shinkafa yana matso shi. Sai da aka kusa fara wasa ya kammala ƙwaryoyin da za su isa zane da mayafi. Hajiya ce ta ɗinke su da allura, don ta ce bayan tsallaken da ta sha, keke ba zai taɓa zanen nan ba. Da aka shimfiɗa shi a kan gado, su biyu suka tsaya suna kallo. Ya yi kyau, kyau mai nauyi, irin wanda ba ya ihu.

"Saura wanki," in ji Hajiya. "Dubi yatsuna." Ta nuna masa, sun yi shuɗi.

Ja'afaru ya ce sam. A gidansu masaƙi ba ya sa wa zanen da zai bayar ruwa, mai zane ke fara wanke abinta. Kuma a da, in mace ta ɗaura sabon saƙi shuni ya hau wuyanta da damtsenta, ai ado ne, shi ke nuna rinin na gaske ne ba a yi rowar baba ba. Ya tuna yadda mata ke fitowa biki da shuɗin wuya suna taƙama.

"Wancan Minjibir ce," ta ce. "Nan Doha ce, garin da kowa yake yawo kamar an fito da shi daga kwalin sabulu."

Bai ji ba. Mutumin kirki ne Ja'afaru, amma in ya kafe a kan abin da ya gada, ko motar janwe ba ta matsar da shi.

Jidda ta samu mako guda ta zo kallon wasa. Da aka ba ta zanen ta rungume shi, ta shinshina, ta ce ranar Juma'a za ta ɗaura, ranar da masu masauki za su kara da Senegal a filin Al Thumama. Suka tafi su uku da yamma, rana ba ta gama sanyi ba, kuma daga inda bas ta sauke su zuwa filin nan da aka gina kamar farar hula akwai 'yar tafiya. Jidda tana gaba, zanen yana ɗaukar ido, har wasu mata 'yan Senegal suka tsayar da ita suna shafawa suna tambaya. Ja'afaru yana baya da farar shaddarsa ta Juma'a, yana tafiya kamar shi ya gina filin.

A ciki suka tarar da ƙawayenta biyu na sakandare, dukansu cikin fararen rigunan 'yan wasa. Bayansu kuwa layi ne na 'yan ƙasa, fari fat tun daga wuya har idon sawu. Jidda ta yi gumi a hanya, ta sassauta mayafin, gefensa ya zuba ta bayan kujera. Da Senegal ta jefa ƙwallon farko ta daka tsalle ta rungume ƙawayen. Da aka jefa na biyu ta ƙara, har gorar ruwa ta kife a jikinsu. Sai ɗaya daga cikinsu ta dubi rigarta ta yi ƙara. Shuɗi ne shatata daga kafaɗa zuwa ciki, ita ma ɗayar haka. Tafin hannun Jidda shuɗi, wuyanta shuɗi, farin takalminta ya yi dabbare-dabbare, hannun rigar uban ma bai tsira ba.

Wannan duk da sauƙi. Dattijon da ke zaune a bayanta, mai farin gemu da carbi, gwiwoyinsa sun daɗe suna gogar gefen mayafin. Da ya miƙe, sai ga tambari biyu shuɗaye a gaban farar rigarsa, kowace gwiwa da nata. Ya dubi rigar, ya dubi Jidda. Ja'afaru ya tashi yana ba da haƙuri da Larabcinsa na wurin aiki, yana cewa zai kai wanki. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, khalas," ba tare da ya yi murmushi ba, ya ja mutanensa suka koma wasu kujerun. Ƙawayen kuwa dariya ta ci ƙarfinsu, suka fito da waya suna ɗaukar hoto. Jidda ba ta yi dariya ba. Ta cire mayafin ta ninke ta tura a jaka, ta karɓi na uwarta na ajiya ta yafa, kuma har aka tashi ba ta ƙara tsalle ba.

A hanyar gida Hajiya ma, da take da cikakken ikon cewa ai na faɗa, ta yi masa adalci ta yi shiru. Ja'afaru ya ji kunya, amma ba kunyar dattijon ce ta dame shi ba. Tsoro ya ji. Shekara biyu yana saƙa don yarinyar nan ta samu abin da za ta ce nata ne, ga shi ranar farko abin ya kunyata ta a gaban jama'a. Ya san yadda ake yi da irin wannan kyautar: a gode, a ninke, a sa a ƙasan akwatin uwa, shi ke nan.

Washegari ya same ta a kicin tana goge wuyanta da lemon tsami.

"Uwata, laifina ne. Kawo in jiƙa shi da gishiri, in an yi masa wanki uku zai daina."

"Ka bar shi kawai, Abba," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Ya fita jiki a sanyaye. Sauran kwanakin ta yi su a yawo da ƙawaye, cikin riga da wando da abaya, zanen kuma bai ƙara ganinsa ba. Bai tambaya ba. Ya kwance masaƙar ya jingina katakon a bayan ƙofa, ya mayar da buhun shinkafa kicin, falo ya yi faɗi har ya ba shi haushi.

Ranar da za ta koma, da hantsi, yana zaune yana jiran su fito ya kai ta filin jirgi, sai ya ji muryar Hajiya daga ɗaki.

"Abban Jidda, zo ka ga 'yarka. Ni na gaji."

Ya shiga. Akwatin yana buɗe a ƙasa, a kan gado kuma ga tarin kaya an ware gefe guda: fararen mayafai, farar rigar sanyi da aka saya mata da tsada, fararen riguna biyu, har da takalmin nan. A saman akwatin, a ninke, ga zane da mayafinsa, ba a wanke ba.

"Wai duk waɗannan barin su za ta yi," in ji Hajiya. "Na ce ta sa zanen a leda ta ɗaure, ba abin da zai taɓa."

"Umma, ba zancen akwati ba ne," Jidda ta ce tana danna kaya da gwiwa. "In zan riƙa ɗaura shi, me zan yi da farin mayafi? Sai dai in sayi masu duhu a can." Ta ɗago ta dubi uban. "Kuma ni zan wanke abina in na ga dama. Abba, a wace ƙwarya layin kaka ya fara? Za a tambaye ni, ba na son in yi kame-kame."

Ja'afaru ya durƙusa a gaban akwatin, gwiwarsa tana ƙara. Ya buɗe ninkin ya nemo wurin, ya ɗora yatsa a kai. Hajiya ta dube su su biyu, ta girgiza kai, ta fara kwashe fararen kayan daga kan gado.

"Yalla, a tashi," ta ce, "in kun gama, jirgi ba zai jira ku ba."